Kaset ɗin da Auta Ta Aiko daga Amurka

A farkon shekarun casa'in ina koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, ina zaune a gidanmu na gado a cikin birni da iyalina da mahaifiyata. Malam, mahaifinmu, ya riga ya rasu. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. In tana nemana sai dai ta ce, "Ina wannan yake?" Ƙanwarmu ta ƙarshe kuwa, wadda kowa ke kira Auta, ita ce Inna ba ta jin kunyar nuna wa so a gaban kowa. Auta ta bi mijinta Amurka inda aka tura shi ƙaro karatu, a can kuma ta haihu. Labarin ya zo mana a 'yar gajeriyar wasiƙa da mijin ya rubuto: namiji ne, uwa da ɗa suna lafiya. Muka yanka rago a ƙofar gida, aka yi suna babu jariri babu mai jego.

Bayan wasu watanni wani malamin jami'a da ya dawo daga can ya yi sallama da ni a zaure, ya miƙo mini ƙunshi a leda. Kaset ɗin bidiyo ne. Ya ce Auta ta ce a ba Inna hannu da hannu, ta ga jikanta.

Ina da bidiyo a lokacin, na hannu ne da na saya a Sabon Gari, da talabijin mai kala. Ba su taɓa ba ni matsala ba. Finafinan Indiya da kaset ɗin wa'azi duk suna ci. Ranar ba wuta sai bayan la'asar. Kafin a kawo ta labari ya zaga unguwa, falona ya cika da mata har bakin ƙofa: maiɗakina, matar baffana, maƙwabta, kowace da goyonta. Inna ta zauna a tabarma a gaba, ta gyara mayafi kamar za ta karɓi baƙi.

Na saka kaset ɗin na danna.

Abin da ya fito ba hoto ba ne. Wasu layuka ne fari da baƙi a karkace, suna gudu daga sama zuwa ƙasa, wani lokaci su tsaya su yi rawa su sake zubewa. A bayansu kana ganin kamar inuwar mutum tana motsi, amma kafin ido ya kama ta ta tsage. Sai murya ta biyo. Murya ce mai kauri, a hankale, tana jan kowace kalma kamar mai magana daga cikin rijiya.

"Innnaaa... sannuuu... da gidaaa..."

Wata yarinya ta fashe da kuka aka fita da ita.

Inna ta ce, "Wane ne wannan?"

Na ce Auta ce mana, inji ne bai daidaita ba. Na durƙusa ina murza ɗan maɓallin da ake daidaita hoto da shi, na kai shi ƙarshe na dawo da shi. Layukan suka canza karkata kawai. Na ciro kaset ɗin na busa, na mayar. Na saka wani fim ɗin Indiya don in gwada, ya fito tas, da kalarsa da waƙarsa. Na mayar da na Auta, muryar nan ta dawo.

Matar baffana ta ce ai wannan namiji ne, mijin ne ke magana. Wata maƙwabciya ta ce a'a, ta ji ana cewa sanyin ƙasar yana shaƙe wa mutum maƙogwaro har mace ta koma magana kamar ƙato. Wata ta ce a kashe kawai, abin ba daɗin ji. Inna ta yunƙura daga kan tabarma. Ta matsa kusa da talabijin ɗin ta kara kunnenta a inda sauti ke fita, ta ɗaga hannu a yi shiru. Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, fuskarta ta sauya.

"Ita ce," in ji ta. "Ta ce aiki. Ta ce asibiti."

Na mayar da wurin baya muka sake saurara. Gaskiya ne, kalmomin biyu suna nan, aiki da asibiti, amma abin da ke tsakaninsu ya narke cikin gurnani. Nan take na ce ai ma'anar a fili take, aiki ta samu a asibiti, ko mijin ne ya samu, ɗalibai a can suna 'yan ayyuka. Maiɗakina ta dube ni ta sunkuyar da kai. Inna ta ce, "Ko kuma aiki aka yi mata a asibiti." Ta tashi ta shige ɗakinta.

Daga ranar gidan ya canza. Inna ta rage cin abinci. Ta sa aka dama kunu aka yi sadaka, ta aika wa limamin unguwa a saka Auta cikin addu'a. Ni kuma na rasa abin da zan gaya mata, don ni kaina ban san abin da ke damun kaset ɗin ba. Ba mu da tarho a gida, lambar da muke da ita ta tsohon masaukinsu ce, sun tashi daga can. Na rubuta wasiƙa, amma kafin ta je amsa ta dawo, damina ta yi nisa.

Na ɗauki kaset ɗin na fara yawo da shi. Na fara da gidan wani Alhaji ɗan kasuwa a bayan layinmu, wanda ya zo da talabijin ɗinsa daga Jidda, ana cewa babu abin da ba ta kamawa. Muka gwada, layuka dai da gurnani. Ya ce laifin bidiyonsa ne, shi a Kano ya saye shi. Na je wajen wani abokin aikina a Gyallesu da ya yi karatu a Ingila ya dawo da talabijin. Na same shi yana kallon labarai hoto garau, ba sauti ko kaɗan, ga rediyo a gefe yana jin nasa labaran daban. Ya ce tun da ya kawo ta haka take, a Ingila tana magana, da ta sauka a Kano ta zama bebiya. Ban ma fito da kaset ɗin daga aljihu ba.

A ƙarshe na ɗaura bidiyona a bayan babur na kai wa wani mai gyara a Tudun Wada. Shagonsa ƙarami ne, talabijin a jibge har rufi, wasu ba baya, wasu ba gaba. Ya buɗe injin ya goge kan da ke karanta kaset da farar takarda da sifirit, ya gwada, bai canza ba. Sai ya juya kaset ɗin ya tambaye ni daga ina ya zo. Na ce Amurka.

"To ai shi ke nan, Malam. Injinka lafiya lau yake. Kaset ɗin ma lafiya lau yake."

Na ce to in duka lafiya suke, mene ne ba lafiya?

Ya juyo mini bayan injina ya nuna wasu haruffa uku, PAL. Ya ce wannan shi ne tsarinmu. Amurka nasu daban, NTSC, layukan da ke haɗa hotonsu ba su kai namu yawa ba, kuma hotonsu ya fi namu saurin juyawa. Injina yana jan kaset ɗin da irin tafiyarmu, shi ya sa muryar ta yi nauyi. Ya ce Faransa kuma da ƙasashen da ta mulka suna da na uku, SECAM. Shi ya sa direbobin da ke sayo talabijin a Maraɗi suke kawo masa, tashar Kaduna ta fito musu ba kala ba magana.

Na ce to mu da Ingila ta mulka ai tsarinmu ɗaya da ita ke nan, me ya sa talabijin ɗin da abokina ya zo da ita daga can ba ta magana?

Ya ce kalar ɗaya ce, amma Ingila ta ajiye sautinta a wani gurbi daban da namu. Namu gurbin irin na Jamus ne.

"Jamus kuma? Me ya haɗa mu da Jamus?"

Ya ce shi ma haka ya tarar.

Na duba injina na ga an rubuta ƙirar Japan. Na ce to Japan wane tsari take bi? Ya ce na Amurka. Na ce wato mutanen da suka ƙera wannan injin irin kaset ɗin Auta suke kallo a gidajensu, amma suka ƙera mini wanda ba zai ci shi ba? Ya yi dariya ya ce ƙwarai kuwa. Ina koyar da labarin ƙasa a lokacin, na san inda kowace ƙasa take a taswira, amma na kasa jera wannan a kaina. Na roƙe shi ya sake faɗa, ya sake, na ƙara rikicewa. Abin da na riƙe kawai shi ne akwai inji mai cin tsari uku, kuma dole a haɗa shi da talabijin mai cin tsari uku, in ɗaya ya samu ɗaya bai samu ba aikin banza ne. Ya ce shi bai da irinsa, amma ya taɓa zuwa Wusasa ya gyara wa wata tsohuwar nas eriya, ya ga irinsa a falonta, ɗanta likita ne a Saudiyya shi ya aiko mata. Da ya kwatanta gidan, mai bishiyar mangwaro biyu kusa da coci, na gane wadda yake nufi.

Goggona ce. 'Yar baffan mahaifina ce. Tun zamanin Turawa baffan nasa ya koma Wusasa ya shiga addinin mishan, zuriyarsa suka tashi a can. Lokacin Malam yana da rai ana zumunci, tana zuwa mana barka da salla da cincin a kwano, mu ma ana aika mu da gaisuwa in sun yi bikinsu. Bayan rasuwarsa ƙafa ta ɗauke. Ba a yi faɗa ba, ban san wani dalili ba, an dai bar zuwa, har ya zama in an tashi zuwa sai an nemi abin da za a ce.

Na dawo gida ina ta shirya yadda zan yi wa Inna bayani. Na fara da cewa kowace ƙasa da irin tsarinta. Ta ce ba Hausa Auta ta yi ba? Na ce Hausa ta yi, amma injin can da na nan ba sa jin na juna. Ta ce to injin ne zai ji ko ni? Na kawo zancen layuka, na kawo Jamus, na ga ni kaina na ɓata a hanya. Sai na ce mata kawai akwai injin da zai nuna a gidan Goggo ta Wusasa, zan je in gani in zo in gaya mata.

Ta ce, "Kai za ka gani ka gaya mini? Nemo mota."

Inna ba ta fita sai gaisuwar mutuwa ko asibiti. Washegari da hantsi na samo tasi ya tsaya a bakin lungu, don mota ba ta shiga har ƙofarmu. Ta fito da lulluɓinta, ta riƙe kaset ɗin da kanta a cikin mayafi, ga ƙullin daddawa da kuka da ta ce ba za ta je hannu sake ba. Maiɗakina ta biyo mu. Muka fita ta ƙofar gari, Inna tana kallon gefen hanya tana tambaya yaushe aka yi wannan gini, yaushe aka sare waccan bishiya.

Mun sami Goggo a tsakar gida tana tsince shinkafa, gilashi a kan hanci, kanta fari fat. Ta ɗago ta dube mu ta daɗe, sai ta ajiye faranti.

"Lale! Yau matarmu ce a gidana? Wa ya mutu?"

Inna ta ce, "Ba wanda ya mutu. Ke dai ba ki da kirki, miji ya rasu kin yar da mata."

"Ke ce kika yar da dangin miji!"

Suka riƙe hannun juna suna dariya, idon kowace ya kawo ruwa. Aka daɗe ana gaisawa, ana tambayar waɗanda suka rasu da waɗanda aka haifa. Ni ina zaune ina kallon injin a ƙarƙashin wani farin mayafi mai saƙa, ina addu'a kada a ɗauke wuta.

Da aka zo kan maganar, Goggo ta ce ita ba ta san komai a kansa ba, kunnawa take ta kashe. Na yaye mayafin. A gaban bidiyon akwai wani ɗan makunni mai matsayi uku, ga sunayen nan da mai gyara ya faɗa a jere. Na saka kaset ɗin, layuka da gurnani suka fito kamar na gida. Na tura makunnin gefe, ba canji. Na tura shi ƙarshe.

Hoton ya girgiza sau ɗaya ya tsaya cak. Ga Auta zaune a kujera cikin wata rigar sanyi, ɗankwali a kai, jariri a cinya.

"Inna, sannu da gida! Ina kwananku?"

Muryarta ce, siririya, da saurin maganar nan nata. Inna ta amsa da ƙarfi, "Lafiya lau, 'yar nan, lafiya lau," ta kai hannu kamar za ta taɓa gilashin. Sai ta janye hannun.

"Me ya sa ta yi kore?"

Kore ta yi kuwa. Fuskarta, hannunta, jaririn, duk kamar ganyen da ya fara bushewa. Goggo ta gyara gilashinta ta ce a shekarunta na aikin asibiti ba ta taɓa ganin ciwon da ke sa mutum haka ba. Na laluba a ƙasan talabijin ɗin na sami wani maɓalli da ban san irinsa a tawa ba. Na murza, suka koma ja kamar an shafa musu manja. Na dawo da shi kaɗan, suka yi dama-dama.

Muka mayar da shi farko muka saurara. Auta ta gaida kowa da kowa, har da mai kawo mana ruwa. Ta ɗaga yaron ta juya shi gaba da baya. Sai ta ɗan sunkuyar da kai ta ce akwai abin da ba su rubuto ba don kada hankalin Inna ya tashi: haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata aiki a asibiti aka ciro shi. Amma ta warke sarai, ga ta nan. Ta miƙa wa mijin yaron, ta tashi ta yi tafiya zuwa taga ta dawo tana dariya.

Ban iya duban Inna ba. Ita ma ba ta dube ni ba. Ta ce wa Goggo, "Ke kin san aikin nan. Dube ta da kyau."

Goggo ta sa na mayar da wurin tafiyar. Ta matso ta ƙura ido, ta sa na sake mayarwa. Ta ce, "Kin ga yadda ta miƙe ba ta dafa kujera ba? Kin ga ba ta riƙe mara ba? Wannan ta warke. Wadda ba ta warke ba ba ta dariya haka, dariya ciwo take mata." Inna ta sauke numfashi, ta rufe fuska da mayafi ta yi kukanta a hankali. Goggo ta bar ta, ta shiga kicin ta ɗora mana abinci.

Mun kalli kaset ɗin har ƙarshe, muka sake. Akwai inda aka yi wa yaron wanka a wata roba, akwai inda aka nuna titi ta taga duk ƙanƙara ta rufe motoci. A kallo na biyu ne Inna ta tambayi abin da ya gagare ni.

"To yaron nan fari ne ko baƙi?"

Na ce ga shi tana gani. Ta ce ɗazu ja ne, kafin nan kore, yanzu kuma ni na tsayar da shi a nan. Wanne ne nasa? Na murza maɓallin kaɗan ya yi haske kamar dangin ubansa, na dawo ya yi duhu kamar mu. Maiɗakina ta ce a daidaita da fuskar Auta tunda mun san kalarta. Muka gwada, sai gardama ta tashi, Inna ta ce Auta ta fi haka haske, Goggo ta ce tun tana yarinya ba ta kai haka ba, maiɗakina ta ce mai jego a ƙasar sanyi dole ta washe. Aka bar ni durƙushe da maɓalli a hannu, kowa na ce mini ƙara, rage. Ba mu tsayar da magana ba har aka kira azahar. Goggo ta shimfiɗa wa Inna sabon zane a ɗakinta ta nuna mata gabas.

Da za mu tafi Goggo ta ce a bar kaset ɗin a wurinta, duk ran da Inna ta so gani ta zo. Inna ta ce zuwa za ta zo, amma kaset ɗin ƙafarta ƙafarsa. Ta kuwa koma, ba sau ɗaya ba, wani lokaci ma ba ta ɗaukar kaset ɗin.

Na ɗauka a gida an gama da shi ke nan, tunda injina ba zai nuna ba. Bayan kwana biyu na dawo daga makaranta na ji gurnanin nan yana tashi daga falona. Na leƙa. Inna ce zaune gaban talabijin, matar baffana da maƙwabta biyu a bayanta, layuka na ta zuba a karkace. Ta sa maiɗakina ta kunna mata. Tana nuna wani wuri a gilashin da yatsa.

"Nan ne take ɗaga shi. Kun ga ƙafar? To yanzu za ta tashi ta je taga. Ku saurara, dariya ce wannan."

Matar baffana ta matsa ta ƙanƙance ido ta ce ita fa ba ta ga ƙafa ba.

"Ga ta nan," in ji Inna. "Ke dai ba ki iya kallo ba."

Na tsaya a bakin ƙofa na ƙura ido inda take nunawa. Ni ma ban ga ƙafar ba. Maiɗakina ta ce abincina na ɗaki, na wuce.